Keken fiksi na farko a Katsina: da burki yake zuwa ko sai ka saya daban?

Keken da ake kira fiksi shi ne siririn nan mai giya ɗaya, wanda akan gan shi ba waya ko ɗaya a jikinsa, ba kariya, ba madagadi. Ana tsintarsa jefi-jefi a cikin kekunan gwanjo, ana kuma ganin sabo a kwali wajen masu talla a Facebook da Instagram da WhatsApp. Kyansa ne ke fara jan ido, farashinsa kuma yakan yi ƙasa da na keken tsere mai giya da yawa, shi ya sa ɗalibai da matasa masu son motsa jiki ke tambayarsa. Tambayar da ba a cika yi ba sai an biya kuɗi ita ce ta burki, kuma a kanta za mu auna wannan keke.

Bambancinsa da keken da muka saba abu ɗaya ne: ba shi da firiwil. A keken gida, Phoenix ne ko Raleigh, idan ka daina juya feda tayar baya na ci gaba da tafiya, kana jin wannan ƙarar tik-tik. A fiksi ƙaramin haƙorin baya ɗaure yake kai tsaye a jikin cibiyar wili. Muddin taya na juyawa, feda na juyawa, ƙafarka ma dole ta bi. Ka tura keken baya, fedar ta koma baya. Da haka ne mahayi ke iya rage gudu da ƙafa, ta hanyar danne feda a lokacin da take tasowa, kuma daga nan ne maganar "ba ya buƙatar burki" ta samo asali.

Maganar gaskiya ce a wuri ɗaya tak, wato filin tseren keke mai zagaye, irin wanda ke cikin babban filin wasa na ƙasa a Abuja, da aka gina don wasannin Afirka na 2003. A can kowa gefe ɗaya ya nufa, ba mota, ba mai tsallaka hanya, kuma burki haɗari ne domin wanda ke bayanka taku ɗaya ne tsakaninku. Dokar wannan tsere ma ta hana shi. To ka ɗauki keken da aka ƙera don irin wannan wuri ka kawo shi shataletalen Ƙofar Ƙaura da yamma, tsakanin 'yan kabu-kabu da Keke Napep da ke tsayawa duk inda fasinja ya ɗaga hannu.

Idan mai sayarwa ya ce maka "ai yana da burki", abu uku ne zai iya nufi, kuma dole ka san wanne. Na farko, burki biyu, gaba da baya, ko dai a ɗaure ko a cikin leda a gefen kwali tare da feda. Yawancin sababbin fiksi masu araha da aka yi don titi haka suke zuwa, kuma za ka ga cibiyar bayansu na da haƙori a kowane gefe: ɗaya kafaffe, ɗaya firiwil. Na biyu, burkin gaba kaɗai. Wannan ya wadatar ne kawai idan a gefen kafaffen haƙori kake tuƙi, domin ƙafarka ce ke riƙe da tayar baya. Ranar da aka juya wilin zuwa firiwil, keken ya koma mai burki ɗaya, kuma idan wayar ta tsinke shi ke nan. Na uku shi ne wanda ke cutar da mutane: mai sayarwa na nufin "ana taka shi da ƙafa ya tsaya", wato babu burki sam. Wasu ma suna ruɗa shi da irin keken yara da na Turawa mai burkin feda, wanda idan ka mayar da feda baya wani ƙarfe a cikin cibiya ke kamawa. Wancan yana da ɗan hannun ƙarfe da aka ɗaure a jikin firam ta hagu, kuma yana gangara ba tare da feda ta juya ba. Ba fiksi ba ne.

Hoto ba ya raba wannan gardama, domin kamfanoni kan ɗauki hoton keken ba burki don ya fi kyau ko da burkin na cikin kwali, wasu kuma su nuna shi da burki alhali na gwanjon da ya iso an riga an cire. Kada a yi cinikin biri a sama. Ka ce a turo maka hoton wurare huɗu, ko ka je ka duba da idonka.

Wuri na farko shi ne saman fok, daidai inda ƙafafunsa biyu suka haɗu a kan tayar gaba. Dole a ga rami da ya ratsa daga gaba zuwa baya. Babu ramin, babu inda za a ɗaura burki, kuma ainihin kekunan filin tsere da yawa haka suke. Kada ka yarda a kai shi wajen mai walda a huda. Idan fok ɗin ƙarfe ne mai kauri a wurin, ƙwararre zai iya, amma na kabon ko siririn alminiyam hudawa na raunana daidai inda duk nauyin tsayawa ke sauka. Sayen wani fok mai rami ya fi. Wuri na biyu shi ne ɗan guntun ƙarfen da ya haɗa sandunan baya biyu a ƙarƙashin sirdi, shi ma a ga rami. Na uku gefen wili, inda robar burki za ta kama. Wilin da aka shirya wa burki yana da zobe mai launin azurfa da aka goge, faɗinsa kamar santimita ɗaya. Fiksi da yawa na zuwa da wili mai zurfi da aka shafe da fenti kore ko ja har baki. Roba za ta kama fenti, amma da santsi da ƙara, tana cin fentin tana tara shi a jikinta, idan kuma ruwa ya taɓa sai kamun ya kusa ɓacewa. Na huɗu cibiyar baya, a ga ko haƙori biyu ne ko ɗaya.

A ra'ayinmu, keken da ba shi da rami a fok ba na mai farawa ba ne, komai arahar sa.

Dalilin da muke nacewa a kan burkin gaba ba tsoro ba ne, lissafin nauyi ne. Duk lokacin da keke ke rage gudu, nauyin mahayi na komawa gaba. Tayar gaba na ƙara dannuwa a ƙasa, ta baya na yin sauƙi. Tayar da ba nauyi a kanta ba ta da kamu, ko da ƙafa aka tsayar da ita ko da roba, sai dai ta ja ƙasa tana sulɓewa. Saboda haka ko gwanin da ya iya kulle tayar baya da ƙafa cikin ƙiftawar ido zai yi tafiya mai tsawo kafin ya tsaya fiye da sabon shiga mai burkin gaba. A gudun kilomita 25 a awa, keke na cin kusan mita 7 a kowace daƙiƙa. Yaro ya fito daga lungu a unguwannin cikin gari, ko akuya ta tsallako, 'yan mitocin nan su ne komai. A Ingila doka na ƙirga kafaffen haƙori a matsayin burkin baya, amma ta wajabta na gaba. A Landan a 2016 wani matashi a kan irin wannan keke maras burkin gaba ya buge wata mata da ke tsallaka titi, ta rasu, kotu ta ɗaure shi wata 18 a 2017. Sannan akwai abin da masu yabon tuƙi ba burki ba sa faɗa: duk tsayawarsu a kan sarƙa take. Sarƙa ta zame ko ta tsinke, ƙafa ba ta da sauran iko da taya.

Burkin baya fa? A Katsina muna ganin ya cancanci zama, ko da a gefen kafaffen haƙori kake. Gefen kwalta a nan kusan ko'ina akwai yashi, bayan damina ma har tsakiyar titi yake kwantawa, ballantana an sauka daga kwalta an shiga unguwa. A kan yashi, damƙe burkin gaba da ƙarfi na sa tayar gaba ta zame gefe, faɗuwar da ba a iya tarewa. A irin wannan wuri da baya ake rage gudu. Tsohon hannu zai yi da ƙafa, wanda bai cika wata da fara hawa ba kuwa ƙafarsa ba ta koyi wannan ba tukuna.

Idan keken ya zo da ramuka amma ba burki, ga abin da za a nema: burki mai kama da almakashi irin na keken tsere, hannun matsawa, waya da rigarta. A nan ake yawan asarar kuɗi, domin ba kowane ke shiga ba. Auna da rula daga tsakiyar ramin fok zuwa tsakiyar zoben da roba za ta kama. Idan ya faɗa tsakanin milimita 39 da 49, gajeren burki za ka saya. Tsakanin 47 da 57, matsakaici. Ka sayi gajere a inda ake buƙatar dogo, robar za ta hau kan taya maimakon wili, ta goge gefenta har ta fashe. Na gaba da na baya kuma ba ɗaya ba ne, sandar notin na gaba ta fi tsawo domin ta ratsa fok. Hannun matsawa shi ma a duba kaurin kan keken: miƙaƙƙen kai milimita 22.2 ne a wurin riƙo, lanƙwasasshe irin na tsere 23.8. Kuma kada a karɓi hannun burkin keken hawan dutse, wanda ya cika kasuwa, domin an yi shi ne don irin burkin nan mai dogayen hannaye biyu, yana jan waya da yawa. Idan aka haɗa shi da burkin almakashi za ka ji hannun da tauri kamar ya kama, amma taya na ci gaba da tafiya. Burkin sanda na kekunanmu na da ba ya shiga ko kaɗan, shi ta cikin wili yake kamawa.

Wajen ɗaurawa, alanki mai lamba 5 ne ke yin yawancin aikin. A bar tazarar kamar milimita 2 tsakanin roba da wili a kowane gefe, robar ta zauna daidai kan zobe, kada ta taɓa taya, kada ta leƙa ƙasa. A ɗan karkatar da ita yadda bakinta na gaba zai riga taɓawa, wannan ke kashe ƙara. Bayan an ɗaure waya a matse hannun da ƙarfi kamar sau ashirin, sabuwar waya na saki, sai a sake ja. Gwajin ƙarshe: ka tsaya a gefe, ka matse na gaba, ka tura keken. Tayar baya ta ɗaga sama, kuma hannun kada ya kai ga taɓa kan keke. Robar da ke zuwa da kekuna masu araha yawanci busasshiya ce kamar leda mai tauri. Canza ta da mai laushi shi ne gyara mafi arha da ke kawo babban bambanci.

Abu ɗaya da ya shafe mu musamman: duba wane hannu ne na gaba. Kekunan da suka fito daga Ingila da Japan na sa burkin gaba a dama, na Amurka da yawancin Turai a hagu. Wanda ya saba da babur hannunsa na dama ya riga ya san burkin gaba, hagu kuwa kuloci ne da ake damƙewa gaba ɗaya. Irin wannan damƙar a kan burkin gaban keke na jefa mutum ta saman kai. Sauya wayoyin aikin minti goma ne, a mayar da na gaba dama.

Sauran jikin keken, a wannan farashi, abin da ake tsammani ne. Firam ɗin ƙarfe ne na talaka, nauyin keken wajen kilo 11 zuwa 12, yana da juriya kuma mai walda na iya gyara shi. Wanda aka rubuta 4130 a jikinsa, wato lambar wani irin ƙarfe, ya fi rashin nauyi da daɗin hawa. Boris na cibiya yakan zo a matse da ɗan giris kaɗan, a sa mai gyara ya buɗe ya cika. Sirdi da feda na roba ne, za su kai ka shekara.

Inda ba ma yin sassauci shi ne zoben kulle haƙorin baya. Haƙorin na ɗauruwa ne kamar noti na yau da kullum, tuƙi gaba na ƙara matse shi, danne feda baya kuwa na kwance shi. Abin da ke hana shi kwancewa wani siririn zobe ne a bayansa mai zare na hagu, wato juyawa hagu ke ɗaure shi. Daga kamfani sau da yawa ba a matse yake sosai ba. Ka hau, ka taka da ƙarfi ka ɗan zaga don haƙorin ya zauna, ba tare da danne baya ba, sannan a sake matse zoben da sifanarsa mai ƙugiya. Guduma da kurfi na lalata shi. Alamar matsala ita ce ka ji feda ta ɗan zame kafin ta kama idan ka sauya daga takawa zuwa dannewa. Sauka nan take, domin zaren cibiyar alminiyam ne, sau biyu ko uku ya zame ya cinye, sai sabuwar cibiya da sake ɗinkin wili. Idan kuma wani ya ce zai mayar maka da keken gida fiksi ta hanyar walda firiwil, ko ɗaura kafaffen haƙori a cibiyar da ba ta da wurin zobe, ka ƙi. Ranar da ka fi buƙatarsa ita ce ranar da zai saki.

Sarƙa tana son tsaka-tsaki. A tsakiyar tsawonta ta yi wasa sama da ƙasa kamar santimita ɗaya. Babban haƙorin gaba ba ya taɓa zama zagayayye sarai, don haka juya feda a hankali ka nemo inda sarƙar ta fi tauri, a nan za ka saita. Notin wilin baya lamba 15 ne, a matse su sosai. Wajen sayen sabuwa, yawancin fiksi na amfani da mai faɗi, irin ta keken gida, ba siririyar keke mai giya ba, don haka samunta ba wuya. Lokacin hunturu kada a zuba mata baƙin mai, ƙura na haɗuwa da shi ta zama kamar yashin goge ƙarfe. Ɗigo ɗaya na siririn mai a kowace gaɓa, a goge na waje da tsumma. Kuma a goge ta taya na tsaye cik. Wannan sarƙa ba ta tsayawa idan ta kama abu, nauyin taya na ci gaba da janta, tana iya datse yatsa. Haka take yi wa bakin wando da igiyar takalmi da gefen doguwar riga. Mai zuwa masallaci ko ofis da kaftani ya naɗe ƙafar wandon dama, ya tattare rigar, ko ya nemi a sa masa murfin sarƙa.

Katsina shimfiɗaɗɗiya ce, wannan ne ma babban abin da ke goyon bayan keke mai giya ɗaya a nan. Haƙori 46 a gaba da 16 a baya, wanda da yawa ke zuwa da shi, na ba ka kimanin mita 6 a kowane zagayen feda. Zagaye 60 a minti ya kai ka kusan kilomita 22 a awa. Ya yi daidai da doguwar hanya irin ta Dutsin-Ma zuwa Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua. Ga mai farawa da zirga-zirgar cikin gari, 17 ko 18 a baya ya fi, tashi ya fi sauƙi, danne feda ma haka, gwiwa kuma ta huta, musamman idan ana fuskantar iskar hunturu. Guji 48 da 16: uku ne cif cikin ɗaya, duk lokacin da ka kulle taya wuri guda ne ke gogar ƙasa, taya ta huje a nan sauran jikinta na sabo. Da 48 da 17 wuraren gogar 17 ne.

Tayar da ke zuwa da shi ita ce raunin da ya fi damun mu bayan burki. Faɗinta milimita 23 ko 25 ne, an yi ta don kwalta mai santsi. Tana nutsewa a yashi, tsidau na huda ta, ramin titi na cije tib ɗinta. Nemi 28, ko 32 idan fok da burki sun ba da wuri. Matsakaicin burki ne ke ɗaukar 32, gajere da ƙyar yake wuce 28. A kula da wani tarko: wilin fiksi ana kiransa 700, faɗin da'irarsa milimita 622, tsohon keken gida kuma da ake ce wa 28 nasa 635 ne. Wasu tayoyin 700 ma 28 aka rubuta a jikinsu. Karanta lambar gefen taya, ka ga 622 kafin ka biya. Bawul ɗin kuma yawanci siriri ne mai ɗan noti a kai, bakin famfon mai faci na bakin titi ba ya kama shi. Akwai ɗan ƙaramin maɗauri na tagulla da ke mayar da shi irin na babur, a saya biyu, ɗaya ya zauna a aljihu tare da tib na ko-ta-kwana, domin siririn tib ba a kowane shago ake samu ba, wani lokaci sai an aika Sabon Gari a Kano.

Hukuncinmu a kan keken: wanda ya zo da ramuka biyu, burki biyu, wili mai zobe da cibiya mai fuska biyu ya cancanci kuɗinsa ga mai tafiyar kilomita 5 zuwa 15 a kwalta, mai son keken da kusan ba abin lalacewa a jikinsa. Bai dace da mai ɗaukar kaya, ko mai bin hanyar ƙauye, ko mai ciwon gwiwa ba. A fara da gefen firiwil mako biyu a saba da tsawon keken da burkinsa, sannan a juya wili a je fili maras mota da sassafe. Kuskuren kowa a ranar farko shi ne mantawa ya tsayar da ƙafa, feda ta ɗaga shi daga sirdi. A bar gwiwa a sake, a bi fedar. A kwana kuma a rage gudu tun kafin a shiga, kada a kwanta sosai, tunda ba za ka iya ɗage fedar ciki ba, idan ta daki ƙasa tayar baya na tsalle. Maɗaurin ƙafa a kan feda sai bayan an iya tsayawa da sauka ba tunani, a fara da shi a sake yadda ƙafa za ta fita da ja ɗaya.